Mu Bar wa Ƙudan Zuma Rabonsa a Ƙarshen Kaka

Jawabin kwamitin lambu a taron zagayowar ranar kafa ƙungiya



Hajiya shugaba, iyayenmu mata da suka kafa wannan ƙungiya da kuɗin adashensu, yayyenmu da ƙannenmu da suka taso daga Tambuwal da Dogon Daji da Jabo da Sanyinna, da waɗanda suka yi sammako daga Kebbe da Kuchi, da mazajenmu da suka yarje mana kuma suka rako mu, sannunku da zuwa, sannunku da hanya. Barkanmu da ganin wannan rana. Allah Ya maimaita mana, Ya jiƙan waɗanda muka fara da su ba su kawo yau ba.

Ma'aji ta karanta mana lissafin shekara, kowa ta ji inda aka ci riba da inda aka faɗi. Mu 'yan kwamitin lambu an ba mu ɗan lokaci mu yi magana. Da muka faɗa wa wata innarmu cewa a kan fure za mu yi jawabi, sai ta riƙe haɓa ta ce, "Hure? Mu da munka zo jin batun rance da taki, sai a tsai da mu ana yi muna zancen hure awa Turawa?" To, Inna, a yi mana haƙuri. Zancen kuɗi ne muka kawo, ta ƙofar baya kawai muka shigo da shi.

Bari mu fara da abin da kowace mace a nan ta gani da idonta. Idan kaka ta yi nisa, an gama yankan gero, dawa ta shiga rumbu, iskar hunturu ta fara busowa, sai ki shanya gari ko dusa a tsakar gida, kafin ki juya ƙudan zuma ya rufe tabarmar. Ki je wurin injin niƙa, yana nan yana birgima cikin gari. Mai sayar da rake yana fama da shi, mai kunun zaƙi tana kora da mafici, bakin randa da bakin rijiya duk ya cika. Mukan ce ƙudan zuman bana ya cika fitina. Yunwa ce ke damunsa. Ƙudan zuma ba ya barin fure ya dawo kan dusa sai idan furen ya ƙare a daji. Wannan yunwar tasa tana taɓa tukunyarmu, kuma abin da muka zo bayyanawa ke nan.

Duk wadda ta taɓa shiga gonar gero lokacin da ya fitar da kai ta san bununi, garin nan da ke manne wa zane. Kowane fure yana da irin nasa bununin, kuma sai ya tashi daga ɓangaren namiji ya sauka a ɓangaren mace kafin a sami ɗa. Wannan shi malaman gona ke kira barbara. Gero da dawa da masara da shinkafa ba su da matsala, iska na yi musu aikin ko su yi wa kansu. Amma akwai tsirrai da bununinsu ke da nauyi da danƙo, iska ba ta iya ɗaukarsa. Waɗannan sai ƙwaro ya ɗauka musu. Allah cikin ikonSa Ya sanya ruwa mai zaƙi a gindin furen, ƙwaro ya zo sha, bununi ya manne a gashin jikinsa, ya tashi ya faɗa wani furen ya zube shi can. Shi abincinsa yake nema, mu kuma muna samun kabewa.

Ku duba kabewar da kyau in kun koma gida. Furenta iri biyu ne a jikin yaɗo guda. Akwai mai siririn wuya, shi ne namiji. Akwai mai ɗan ƙulli kamar ƙwallon goriba ƙarami a ƙarƙashinsa, ita ce mace. Furen yakan buɗe da asuba, kafin rana ta take ya rufe, kuma ba ya sake buɗewa. Idan a cikin waɗannan 'yan awoyi ƙwaro bai kai mata bununi ba, ɗan ƙullin nan zai yi rawaya ya faɗi. Kankana ma haka take, kuma ita zuwa ɗaya ba ya isar ta, sai ƙudan zuma ya ziyarci fure guda sau da yawa kafin ta yi ɗa mai cika. Kankanar nan da kuke gani mai karkataccen ciki, gefe ɗaya ya cika ɗaya ya shanye, sau da yawa ƙarancin barbara ne ya jawo.

Mu kanmu a jikinmu muka koyi wannan darasi. A lambun ƙungiya mun shuka kabewa a gefen wake. Ta yi yaɗo har ta haye darni, ganye shar, fure ko'ina, muna ta murna muna lissafin abin da za mu kai kasuwa. Sai 'ya'yan suka riƙa zubewa tun suna ƙanana. Wasu cikinmu suka ce taki ne ya yi kaɗan, muka ƙara. Wasu suka ce baki ne, muka yi addu'a. Da malamin gona ya zo, bai taɓa ƙasar ba ma, sai ya tambaye mu yaushe muke fesa wa waken magani. Muka ce da hantsi, bayan mun sallami yara makaranta. Ya ce mu zo gobe da sassafe mu tsaya bakin kabewar mu ƙirga ƙudan zuman da za mu gani. Muka zo, muka tsaya har ƙafa ta gaji. Wurin shiru kamar an share. Da hannunmu muka kashe masu yi mana aiki, da kuɗinmu kuma muka sayi maganin.

Abin da ya rage na wannan kabewa da hannu muka cece shi. Kullum bayan sallar asuba mu tsinko furen namiji, mu cire masa rigar, mu bi furannin mata ɗaya bayan ɗaya muna gogawa. Dabarar tana aiki, kuma yana da kyau kowace mace ta iya ta. Amma wadda ta yi mako biyu tana wannan sunkuyo ta san darajar abin da ƙudan zuma ke yi mana kyauta.

Kada a ɗauka mu kaɗai abin ya shafa. A 2016 masana daga ƙasashe da yawa sun fitar da wani babban rahoto, inda suka nuna cewa fiye da uku cikin huɗu na manyan ire-iren amfanin gona da duniya ke ci suna ƙaruwa da barbarar ƙwari da sauran halittu. Kusa da mu, a Burkina Faso, an buga wani bincike a 2017. Masu binciken sun rufe wasu furanni don kada ƙwaro ya taɓa su, suka bar wasu a buɗe. Inda aka hana ƙwari zuwa, auduga ta ragu da kashi 37 cikin 100, riɗi kuma ya ragu da kashi 59 cikin 100. Ku dubi wannan, fiye da rabin riɗi. Wadda ta saba auna kwano goma sai ta tashi da huɗu. A yankin Sichuan na ƙasar Sin akwai wuraren da manoma ke hawa itatuwan lambu da ɗan buroshi suna yi wa fure barbara da hannu. A jihar Kalifoniya ta Amurka kuwa, duk watan Fabrairu ana loda amya kusan miliyan biyu a manyan motoci a kai gonakin almon, manomi ya biya mai zuma kuɗin haya. Abin da wasu ke haya da dala, mu yana zuwa mana har tsakar gida muna korarsa da tsintsiya. Saboda muhimmancinsa ne Majalisar Ɗinkin Duniya ta ware 20 ga Mayu ta zama ranar ƙudan zuma, aka fara a 2018. Mu kuwa tun muna makarantar allo mun san akwai sura guda a Alƙur'ani mai girma da ke ɗauke da sunansa, Suratun Nahli, ta 16.

To me ya sa muka matsa a kan ƙarshen kaka? Ga dalili. Daga marka zuwa farkon Oktoba daji cike yake da fure. Ciyawa na fure, wake na fure, riɗi da rama da sure duk suna fure, ƙudan zuma na cikin wadata. Da ruwa ya ɗauke, cikin 'yan makonni komai sai ya juya. A girbe gona, a kwashe harawa, a saki dabbobi su cinye saura, ciyawa ta bushe, wani kuma ya cinna mata wuta don farautar gafiya. Mangwaro bai fara fure sosai ba sai wajen Disamba zuwa Fabrairu, kaɗe ma sai hunturu ya yi nisa. Tsakanin nan akwai rata, daga ƙarshen Oktoba zuwa Disamba, kuma a cikinta ne muke ganinsa a kan dusa.

Yanzu ku riƙe wannan lissafi. Daga ranar da sarauniyar zuma ta saka ƙwai zuwa ranar da ƙudan zai fito, kimanin mako uku ne. Idan ya fito ba ya zuwa daji nan take, sai ya yi wasu makonni biyu zuwa uku yana aikin cikin amya, yana reno yana gini. Bayan nan ne yake fita kiwo, kuma duka rayuwarsa a lokacin aiki ba ta wuce mako shida ba. Ke nan ƙudan da zai hau furen mangwaronki ko furen albasar maigidanki a Janairu, a ƙarshen Nuwamba ko cikin Disamba aka rene shi. Da me ake renonsa? Da bununi, shi ne tuwon 'ya'yansu. Idan babu bununi a lokacin, sarauniya sai ta rage saka ƙwai, gidan ya ƙanƙance. Kuma ƙudan zumanmu na Afirka ba ya zaman jiran mutuwa. In yunwa ta yi yawa sai ya tattara ya bar amyar gaba ɗaya, ya nufi inda zai sami abinci. Mai amya ya zo ya tarar da kango. Hausawa sun ce da ruwan ciki ake jan na rijiya. Wanda bai ci ba a kaka, ba zai yi mana aiki da rani ba.

Aikin rani kuwa shi ne kuɗinmu. Kankanar da ake nomawa a fadamun gulbin Zamfara, wanda ya biyo ta Gummi ya nufi Jega, tana buƙatarsa. Masu barin albasa ta yi fure don su sami iri, mu da maƙwabtanmu na Aliero da suka yi suna a kanta, sun dogara da ƙudan zuma da ƙudaje, domin kan albasar da ƙwari ba su hau ba irinsa kaɗan ne. Kaɗen da muke tsintar 'ya'yansa mu yi mai, bincike a Burkina Faso da Gana ya nuna ƙudan zuma da 'yan ƙananan nan marasa harbi su ne manyan masu yi masa barbara. Ga kuma halin da ake ciki, wanda ba sai mun tsawaita ba. Akwai dajin da iyayenmu ke shiga tsintar kaɗe da ɗorawa da yanzu mace ba ta iya shiga hankali kwance. Allah Ya kawo mana zaman lafiya. Kafin nan, abin da ke bayan ɗaki da bakin gari ya ƙara daraja, tilas mu kula da shi.

Sai mu zo kan abin da za a shuka. Ba mu ce kowa ta je birni ta sayo fulawar ado ba. Da yawa daga fulawoyin da ake dasawa a ƙofar ofisoshi, kamar mai kama da takardar nan mai ƙaya, kyan gani ne kawai, ƙudan zuma ba ya samun abin kirki a jikinsu. Abin da muke buƙata yana cikin miyarmu tun asali.

Na farko zogale. Idan yana samun ɗan ruwa yakan yi fure kusan duk shekara, kuma furensa na jawo ƙudan zuma da babban baƙin ƙwaron nan mai ƙugi da ke huda azara. Kuskurenmu shi ne muna sassabe shi ƙarƙaf don ganye, ba ma barinsa ya kai ga fure. Wadda ke da uku, ta riƙa yankan biyu ta bar ɗaya. In ɗaya gare ki, ki bar reshe biyu na sama. Ba asara ba ce, za ki sami iri na dashe da na sayarwa.

Na biyu ɗoɗɗoya. Ba ta da tsada, ba ta da wuyar reno, ko a fasasshiyar randa tana yi. Mun saba tsinke kanta don ta yi ganye. A bar gindi biyu ko uku su yi tsiro su yi fure, za ku ga yadda ƙananan ƙwari ke yini a kansu. Na'ana'a ma haka, in an bar ta.

Na uku masu yaɗo, wato kabewa da soso da duma. A maimakon a shuka su duka a farkon damina su ƙare tare, a ajiye wani irin a shuka cikin Agusta ko farkon Satumba a kusa da inda ake zubar da ruwa. Kabewa takan fara fure bayan kamar mako shida zuwa bakwai, don haka ta baya za ta kai mu cikin Nuwamba. Soso yana hawa darni ya rufe shi da fure rawaya, ƙudan zuma na son sa ƙwarai, ga abin wanka da wanke-wanke a ƙarshe. Duma kuwa farin furensa da yamma yake buɗewa, ƙwarin dare ne ke zuwa masa, dangin malam-buɗe-littafi masu zuwa wurin fitila. Su ma ma'aikatanmu ne, da su ake samun ƙwarya da ludayi.

Na huɗu riɗi da guro da sure da rama. Riɗi yakan fara fure bayan mako biyar ko shida, kuma yana ɗaukar makonni yana yi daga ƙasa zuwa sama. Layi biyu na riɗin baya-baya a gefen lambu babban abinci ne gare su. Guro in ana ba shi ruwa ana tsinka, ba ya daina fure da wuri. Wadda kuma ta sami irin fulawar nan mai babban kai rawaya da ake matsar mai daga 'ya'yanta, wadda ake ce wa sanfulawa, ta gwada. Wata biyu take yi ta buɗe, kai guda yana ciyar da ƙwari da yawa, 'ya'yan kuma kaji na so.

Na biyar lalle da gwanda da lemun tsami da gwaba. Lallenmu kullum a tsige yake saboda biki ba ya ƙarewa, har wasu yaranmu ba su san yana da fure mai ƙamshi ba. A bar gindi ɗaya. Gwanda kuma muna roƙo a daina sare namijin duka don wai ba ya haihuwa. In babu shi a kusa, macen ma ba za ta riƙe 'ya'ya ba. Namiji ɗaya ya ishi gidaje da yawa, sai maƙwabta su yi shawara wa za ta bar nata.

Dabarar duka ita ce kada komai ya yi fure rana ɗaya ya ƙare rana ɗaya. A riƙa shuka kaɗan-kaɗan, tazarar mako biyu, daga tsakiyar Agusta har ƙarshen Satumba. Mun san za a ce ina ruwa. Ruwan alwala, ruwan wankin kayan miya, ruwan ɗaurayar kwano wanda ba shi da omo da yawa, duk ana iya juya su gindin shuka a maimakon su kwanta a lungu su tara sauro. Mun san za a ce awaki. Wannan gaskiya ne, akuya ba ta san kwamiti ba. Sai an kewaye da ƙaya ko tsohuwar zana, ko a ɗora tukwanen a kan katanga. 'Yan'uwanmu da ba sa fita, su ma suna da rabo a wannan aiki. Tsohon bokiti, buhun siminti da aka cika da ƙasa da takin awaki, sun isa. Ƙudan zuma na tafiyar kilomita biyu zuwa uku neman abinci, katangar gida ba ta hana shi shigowa.

A haɗa masa da ruwan sha. A sami kasko, a zuba tsakuwa ko 'yan karare, a zuba ruwa yadda kan tsakuwar zai fito, don ya sami wurin tsayawa kada ya nutse. A ajiye shi a inuwa, nesa da inda yara ke wasa, a riƙa sauya ruwan duk kwana biyu saboda sauro. In ya saba da kaskon zai rage damunmu a bakin randa.

Yanzu ga saƙo zuwa ga iyayenmu maza da mazajenmu, tunda Allah Ya sa kuna zaune. Lambun mace ƙarami ne, babban rumbun ƙudan zuma a ƙarshen kaka itatuwa ne. Gawo shi ne kan gaba. Ya saɓa wa sauran itatuwa, da damina yake zubar da ganye, gero ya yi kyau a ƙarƙashinsa, sai ruwa ya ɗauke ya yi ganye ya yi fure, daidai lokacin da komai ya bushe. Magarya da kurna su ma a ƙarshen damina zuwa kaka suke fure. Furensu ƙanana ne, ba a ko lura da su, amma ku tsaya ƙarƙashin kurna a Oktoba ku saurari ƙugi. Alhazanmu sun ga zumar Yaman da ake sayarwa a Makka da Madina da tsada mai yawa, wadda ake kira Sidir. Daga furen kurna ake samunta, irin wannan da ke bakin maƙabartunmu da gonakinmu. Bagaruwa da sabara ma suna taimakawa.

Ba za mu ɗora wa maza laifi su kaɗai ba, domin itacen da ake sarewa a murhunmu yake ƙarewa. Girki dole ne, gas kuma ba kowa ke iya saye ba. Amma akwai hanyar da maƙwabtanmu na Maraɗi suka bi tun daga 1983, wadda suke kira sassaben zamani. Idan ana sharar gona, ba a tumɓuke kututturen da ya yi toho. A zaɓi reshe biyu ko uku masu ƙarfi a bari, a sare sauran a kai gida a yi girki. Shekara kaɗan sai ga itace. Da wannan dabara aka farfaɗo da kimanin hekta miliyan 5 a kudancin Nijar, musamman yankunan Maraɗi da Damagaram, ba tare da an dasa ba. Ƙasarsu ta fi tamu ƙarancin ruwa. In sun iya, ba mu da uzuri.

Sai batun feshi, inda mu kanmu muka yi kuskure. Ba mu ce a daina ba, domin duk mai noman wake ya san in bai fesa ba tsutsa za ta gama da shi. Lokacin ne za a gyara. A yi feshi da yamma liƙis, bayan la'asar sakaliya zuwa gab da magariba, lokacin da ƙudan zuma ya koma gida kuma iska ta kwanta. Kada a fesa da safe fure na buɗe. Kada a wuce ma'aunin da aka rubuta a jikin kwalba don wai ya fi ci. Kada a wanke tankin feshi a tafki ko bakin rijiya, nan suke shan ruwa, nan ma dabbobinmu da yaranmu ke zuwa. Piya-piya kuwa ba ta da hurumi a kan ganyen miya ko kaɗan. Don ɗan lambun gida, jiƙaƙƙen garin 'ya'yan dogonyaro yana korar ƙwari da yawa kuma ya fi sauƙi a kan ƙudan zuma, shi ma da yamma za a fesa. Ƙasashen Tarayyar Turai sun hana amfani da wasu magungunan ƙwari guda uku a fili tun 2018 saboda illarsu ga ƙudan zuma. Idan za a sayi magani a tambayi malamin gona, kada a tsaya ga maganar mai talla a kasuwa kawai.

Masu ɗibar zuma kuma, don Allah a rage wuta. Wanda ya ƙone gida duka don ya sha zumar dare ɗaya, ya kashe ta baɗi. Hayaƙin busasshen kashin shanu ya isa ya kwantar da su. A ɗebi saƙar da ta nuna, a bar mai 'ya'ya, a bar musu abin da za su ci. A daina cinna wa daji wuta da kaka.

Mun san abin da ke ran iyaye mata, wato harbi. Zuma da zaƙi da harbi, haka ne. Amma ƙudan da ke kan fure abincinsa ne a gabansa, ba ya harbi sai an matse shi ko an taka shi. Inda yake faɗa shi ne kusa da gidansa. Saboda haka ba mu ce a rataya amya a cikin gida ko kusa da makaranta ko turken dabbobi ba, wurinta daji ne ko gona mai nisa. A hana yara jifar taron zuma in sun gan shi a reshe, yawanci hutawa yake yi zai wuce. Idan ya harbi mutum a kankare ƙarin da farce nan take. In kuwa aka ga fuska ko leɓe na kumbura, ko numfashi na sarƙewa, ko harbin ya yi yawa, a garzaya asibiti, kada a tsaya jiƙe-jiƙe.

A ƙarshe ga abin da kwamiti ke roƙon taro ya amince da shi. Na ɗaya, kowace mamba ta shuka aƙalla abu uku daga cikin waɗanda muka lissafa, ta bar su su yi fure a ƙarshen kaka mai zuwa. Na biyu, a buɗe adashen iri. Wadda ke da irin ɗoɗɗoya ta kawo, mai soso ta kawo, mai zogale ta kawo, a ƙulla a tsumma ko takarda a rubuta suna, sakatariya ta raba kafin Agusta. Ba ya buƙatar ko sisi daga asusu. Na uku, a lambun ƙungiya an daina feshin safe daga yau. Na huɗu, kowace ta sa ɗanta ko jikanta ɗan makaranta ya riƙa rubuta mata a littafi abin da ya yi fure a gida da watan da ya yi, da irin ƙwarin da suka zo. In mun haɗu baɗi sai mu haɗa littattafan, mu ga wane wata ne ya fi rata a Tambuwal, wane ne a Kebbe, mu san abin da za mu ƙara. Gida ɗaya ba zai ciyar da amya ba, amma hannu da yawa shi ke ɗaukar jinka, kuma don haka aka kafa ƙungiya.

Innarmu da ta yi mana dariya, jiya da yamma ta aiko jikanyarta da ƙullin irin soso da na ɗoɗɗoya, ta ce a faɗa wa 'yan kwamiti ita ta fara zubi, kuma in an tashi rabo kada a manta ita ke da ɗaukar farko. Inna, an rubuta.

Inda muka yi daidai Allah Ya ba mu lada baki ɗaya, inda muka yi kuskure a yafe mana. Allah Ya ba mu damina mai albarka, Ya zaunar da ƙasarmu lafiya, Ya mai da kowa gidanta lafiya.